Fis a Gwangwanin Sukari

Ƙarfe huɗu saura kwata na yammacin Laraba aka kira Insfekta Rahim Zakari zuwa wani gida a garin Bowie, can ƙasar waje. An sami dattijo a mace cikin tirelar kwana, irin ɗakin nan da ake ja da mota, wadda ke fake a bayan gidan.

Sunan mamacin Alhaji Hamidou, mutumin Maraɗi, tsohon direban tasi. 'Yan kwana-kwana sun riga sun auna iskar ciki. Gubar hayaƙin hita ce mai ɗumama ɗaki, wadda ba ta da wari ba ta da launi.

Rahim ɗan unguwar Nima ne ta Accra, kuma yana shiga tirelar sai da zuciyarsa ta motsa. Ga darduma, ga ƙaramar buta shuɗiya da kurfot na gawayi, ga ƙananan kofunan shayi a kife. Haka kusurwar mahaifinsa take, har da tsohuwar rediyon da aka ɗaure da roba.

Matar mamacin, Hajiya Mardiya, na zaune a falo.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

"Amin, ɗana."

"Me ya kai shi tirela da rana tsaka?"

"Barcin bayan Azahar. Shekara goma sha tara nan ce majalisarsu, shi da amininsa Ousmane. Da ita suka kai yara bakin teku tun suna 'yan mitsi-mitsi. Yara sun watse, ni na matsa a sayar."

"Wa ya taɓa hitar kwanan nan?"

"Jerome mai gyara, ran Litinin. Mai saye ya ce ba zai ɗauka ba sai hita na aiki."

Kafin Rahim ya fito, abokan aikinsa sun riga sun zaunar da Jerome a bayan mota. A wajensu magana ta ƙare, tunda ga gyara ga gawa. In aka tafi a haka, lasisinsa ya tafi, shi ma gidan yari zai kwana.

Jerome ya miƙa wayarsa.

"Na share bututun hayaƙi, na gwada wuta sau uku. Ƙararrawar da ke ihu in guba ta taru, ba fis ɗin da ke ba ta wuta, na sa sabo, ja. Ga hoto."

"Ka gaya wa mai gida?"

"Na ce kada a ƙara cire shi. Dariya kawai ya yi."

Rahim ya zagaya bayan tirelar, ya durƙusa a bakin bututun da hita ke fitar da hayaƙi waje. Baƙin hayaƙi ya yi masa zobe. Ya zura waya, ya jawo wani tsumma mai kauri, rabinsa ya ƙone. An ninka shi huɗu an ɗinke gefe. Irinsa ake kama hannun butar shayi da shi, kuma Jerome bai yi kama da mai ɗinka wa buta tsumma ba.

Ya koma ciki ya buɗe akwatin fis. Gurbin ƙararrawa wayam.

Ya tsaya yana kallon kurfot ɗin. Duk wanda ya hura gawayi a ɗaki ƙanƙane haka, ƙararrawa sai ta cika unguwa da ihu. Ke nan akwai mai cire fis kafin ya ɗora buta, kuma dole ya ajiye shi inda hannunsa zai koma. Rahim ya tuna mahaifinsa, wanda hatta makullin shago cikin sukari yake jefawa. Ya buɗe gwangwanin sukari. Ga fis nan, ja, sabo fil.

A lokacin Malam Ousmane ya iso daga garin Laurel, dogo, siriri, idanunsa sun kaɗa. Rahim ya gaishe shi da ladabi, ya shigar da shi tirelar.

"Baba, yaushe rabonka da nan?"

"Ya fi mako biyu."

"Wa ke dafa shayi a majalisarku?"

"Ni. Hamidou ko ruwan zafi bai iya ba." Har ya ɗan yi murmushi. "Tun muna tashar Maraɗi ni ke dafawa, shi ke kushewa."

"In za ka hura gawayi, ya kake yi da ƙararrawa?"

"To, ina cire fis ɗin. In mun sha zagaye na uku in mayar."

"Ina kake ajiye shi?"

Ousmane ya dubi gwangwanin, ya kawar da kai.

Rahim ya ajiye fis ɗin a kan tebur. "Ran Litinin aka sa wannan, Baba. Mako biyu bai yi ba." Ya ajiye tsumman kusa da shi. "Wannan kuma ɗinkin wa ne?"

Dattijon ya daɗe yana kallon tsumman. Sai ya zauna a gefen gadon da amininsa ya cika a kai.

"Marigayiya matata ta ɗinka. Jiya na zo, su Hamidou na asibiti ganin likita. Na dafa shayi ni kaɗai, na yi wa wurin bankwana. Da na tashi tafiya sai Shaiɗan ya raya mini, in hita ta ƙi kamawa gaban mai saye ran Asabar, zai fasa. Sai na cusa tsumman a bututu. Na ɗauka mutuwa kawai za ta yi. Fis kuwa wallahi mantawa na yi, ban sha na uku ba." Ya dubi Rahim. "Ɗana, ɗaki ɗaya nake haya. Duk ƙasar nan, nan kaɗai nake jin ina gida."

Rahim ya ji tausayinsa ƙwarai, amma ya leƙa ya ce a saki Jerome, a kawo mota.

Suna fitowa suka tarar da Hajiya Mardiya a tsaye bakin ƙofar baya. Ta ji komai.

"Malam Ousmane, ba ka saurari saƙon da ya bar maka ba?"

"Na ga ya shigo. Kunya ta hana ni buɗewa."

"Buɗe."

Rahim ya gyaɗa kai. Dattijon ya danna wayar, muryar Hamidou ta fito, cike da tsokana.

"Kai tsoho, na kira mai sayen na ce na fasa sayarwa. Mardiya ta yi faɗa ta gaji. Zan kunna hita in ɗan kishingiɗa, ɗaki ya yi ɗumi kafin ka iso. Ka zo bayan La'asar, kuma kada ka cika sukari yadda ka saba."

Ousmane ya mayar da wayar aljihu a hankali, ya miƙa hannuwansa biyu.

Rahim bai ciro ankwa ba. Ya riƙe shi a gwiwar hannu kamar yadda yake riƙe mahaifinsa a hanyar masallaci, ya kai shi mota.