Taku Biyar na Burtali

Ranar da Allah Ya ƙaddara haɗuwarsu, Khalilu yana ɗaure damin dawa ne a gonar mahaifinsa, a wani ƙauye na ƙasar Shanono. A shekarun nan ne masu tsanani, da damina ke ɗaukewa da wuri, manomi da makiyayi kuma suka daina gaisawa a hanyar kasuwa. Sai ga wata budurwa da rakoda a hannu, ta yi sallama.

"Sunana Asama'u, daga gidan rediyo nake. Malam, ta ina burtalin garin nan ya bi?"

Ya nuna mata siririyar hanyar shanun da ke gefen gonar. Ta dube ta, ta yi murmushi.

"Wannan ai ko akuya sai ta karkace za ta wuce."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Shekara uku da suka wuce, shi da hannunsa ya tuge shingen aguwa na iyakar gonar, bisa umarnin mahaifinsa Malam Nababa, ya dasa shi taku biyar cikin hanyar shanu.

Duk da haka zukata suka haɗu. Ita 'yar Watari ce, daga gidan karatu. Yana kiranta Mai Rakoda, tana kiransa Malamina. In ta gama shirinta na Laraba, sai saƙonsa ya shigo wayarta: "Mai Rakoda, yau ma na bar fartanya na saurare ki. In ciyawa ta cinye gyaɗar nan, ke za a tambaya." Ba a jima ba manya suka shiga maganar, har aka kai gaisuwar iyaye.

Ana cikin haka shanun Arɗo Usaini suka matsu a burtalin, suka fasa aguwa suka afka wa waken Malam Nababa. Samari suka ɗauko sanduna, aka karya wa ɗan Arɗon hannu. Asama'u ta zo da dattawan ɓangarorin biyu, aka auna hanyar da igiya. A shirin Laraba aka ji muryar Arɗo yana cewa, "Inda kakana ya bi da garke, yau saniya biyu ba sa jerawa." Ba ta ambaci sunan kowa ba, amma babu wanda bai gane gonar ba.

Malam Nababa ya kashe rediyon, ya dubi ɗansa.

"Yarinyar da ta ja igiya a gonata ba za ta sha ruwan randar gidana ba, sai ta koma ta ce kuskure ta yi."

Khalilu ya rubuta mata haka, yana roƙo. Ga amsar da ta ba shi: "Malamina, tambaya ɗaya gare ni. An matsar da aguwar nan ko ba a matsar ba? In ka ce mini ba a taɓa ta ba, Laraba mai zuwa zan nemi afuwa duniya tana ji, domin na yarda da kalmarka."

Ya karanta ya sake karantawa. Ƙarya ta gagare shi, gaskiya ta yi masa nauyi, sai ya yi shiru, yana gaya wa kansa cewa biyayya yake yi. Aka mayar da kayan gaisuwa.

Shekara biyar shirun nan ya ci. Asama'u ta kafa zaman sulhu a ƙauyuka goma sha ɗaya, har mutane suka matsa ta tsaya takara, ta zama kansila. Masu neman aurenta ba su yanke ba, kuma duk labarin da ya iso kunnen Khalilu sai ya hana shi cin tuwo. Ya koma noman rani a bakin madatsar Watari, kusa da gidan su Asama'u, amma bai taɓa iya yin sallama ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam Nababa, wata safiya ya kira shi.

"Khalilu, kai ka yi karatu. Me aka ce game da wanda ya ci ƙasar da ba tasa ba?"

"An ce za a rataya masa ita a wuya ranar hisabi, Baba, ko da taƙi ɗaya ce."

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ina allo."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"To ba biyayya ka yi mini ba, ɗana. Barina ka yi. Tashi ka mayar da aguwar nan, wuyana ba zai ɗauka ba."

A ranar Khalilu ya tuge aguwar, ya mayar da ita mazauninta na asali. Da hannunsa mai kaushin ƙasa ya nemo tsohon saƙon, ya amsa: "An matsar. Ni na matsar. Yau na mayar."

Bayan la'asar amsa ta zo: "Malamina, wannan amsa ta sha hanya. Da a ranar ka faɗa, da tare za mu je mu durƙusa gaban Baba. Ban taɓa neman ka saɓa masa ba. Amma ban sauya lamba ba."

Ta zo duba tsohon. Ya ce a ɗebo mata ruwa daga randar tsakar gida, ya tsare ta da ido har ta shanye.

"Hajiya kansila, igiyarki ta fi idona gaskiya. Ki yafe mini."

"Baba, ni 'yarka ce. Mai Rakoda ma ya ishe ni."

Aka sake kai gaisuwa, aka sa rana, amma Allah bai nufi tsohon da ganin ɗaurin auren ba. Ya cika saura kwana goma sha biyu. Bayan an yi arba'in aka ɗaura, Arɗo Usaini yana sahun gaba, da ɗansa mai hannun da bai sake miƙewa ba. Khalilu ya dubi hannun nan, ya dubi gurbin da mahaifinsa zai zauna, ya sunkuyar da kai ana shafa fatiha.

Kakar wannan shekara garken Arɗo ya sauka a gonar, ya ci kara ya bar taki, kamar yadda ake yi a zamanin kakanni. Allah Ya jiƙan Malam Nababa, Ya sauƙaƙa masa wuyansa. Su kuma Ya albarkaci aurensu, Ya sa abin da ya rage musu ya fi wanda ya wuce tsawo.