Reshen Bayan Rumbu

"Wayyo Harisu, sun mutu! Tara cif sun yi baƙi!"

Barakatu na tsugune gaban gwangwanayen shuka a tsakar gidansu na Ƙanƙara, waya a kunne, tana kuka kamar an yi mata rasuwa.

"Sanyin idona, ruwa nawa kike ba su?"

"Safe, rana da yamma... Ikhlas ta ce haka ake yi."

Harisu ya ja salati.

Mahaifiyarsa Hajiya Zainabu ta Faskari da rozmeri take haɗa man kitso, ganyen nan mai ƙamshi da take ji da shi kamar jika. Ita ɗiyar ƙaninta Ikhlas ta so wa ɗanta. Da ya kafe a kan Barakatu, sai ta yanko rassa ashirin, ta zage ganyen gindinsu, ta raba wa 'yan matan goma-goma.

"Sati shidda. Wadda ta raya mini su, ita ce surukata."

Barakatu ta ɗauka shuka ma da tarairaya ake sace zuciyarta, ga shi ta yi ta ɗura musu ruwa har gindinsu ya ruɓe.

"Tara kika ce? Na goman fa?"

Ta miƙe zumbur. Na goman yana bayan rumbu, cikin wani gwangwani mai yoyo da ta cika da yashi don ƙasa ta ƙare mata. Ta manta da shi sarai.

Tana zuwa ta iske shi tsaye, kore shar, har da sabon toho.

Ranar alƙawari ta juye shi a hankali cikin 'yar tukunyar ƙasa mai huji, ta rungume shi a mota har Faskari.

Ikhlas ta riga ta zuwa. Gabanta tukwane goma reras, kowace shuka ta cika da ganye, ta kusa kamu biyu.

"Ke ɗaya tal kika kawo?" Ikhlas ta ƙyalƙyale da dariya. "Allah sarki!"

Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Ta kife tukunyar Ikhlas a tafin hannu, sai ga saiwoyi sun nannaɗe ƙasar tam, gindin ya yi kauri kamar ɗan yatsa.

"Ikhlas, shekarata goma sha biyu ina wanga aiki. Wagga saiwa ta shekara guda ce. Ina kika sayo su?"

Ikhlas ta sunkuyar da kai. "Funtuwa, Gwaggo..."

Hajiya ta juya ga ta Barakatu, ta tona gefe da yatsa. 'Yan saiwoyi farare, sirara kamar zare.

"Sauran taran fa?"

"Na kashe su da ruwa, Hajiya. Wannan ma mantuwa ce ta raya shi, ba iyawata ba."

Hajiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ni sha biyar na kashe a farkona, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau."

Daga zaure aka ji tarin Harisu, wanda ya rantse ba laɓe yake ba.

"Shigo, maras kunya! Ka ce wa Baffanka ya shirya goro."

Barakatu ta rufe fuska da mayafi, daɗi kamar ya kashe ta.

Hajiya ta miƙa mata tukunyar.

"Riƙe, ɗiyata. Ki dasa shi a ƙofar ɗakinki... amma butar ruwan, ni zan riƙa ajiye ta."