Ruwan Albarka Mai Warin Ƙwai

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Arzika yana zaune a caji ofis na Anka yana fama da kunun da ya huce, sai ga Muntari, mai kula da sito a wani ƙaramin asibitin yara, ya faɗo ko sallama babu.

"Yallaɓai, an yashe mu!"

"Zauna ka numfasa. Mi anka ɗauka?"

"Maganin gubar dalma. Kwali huɗu, duk abin da muke da shi."

Arzika ya ture kofin kunu. Duk wanda ya zauna Anka ya san dalma, gubar da ke tashi in ana dakan dutsen zinari, ta shiga jinin yara ta sa su jijjiga har su mutu. Wanda ya saci maganinta, wallahi kisa ya yi niyya ko bai sani ba.

A asibiti ya tarar da kwaɗon sito lafiya lau, ba a fasa ba. Ga maganin zazzaɓi da na ciwon jiki, waɗanda ke tashi a kasuwa kamar waina, ba a taɓa su ba. Ɓarawon ya zaɓi maganin da babu kemis ɗin da zai saya.

"Makulli nawa gare ku?"

"Ɗaya tak, yallaɓai. Ga shi."

Arzika ya juya makullin. "An rubuta mishi lamba biyu da jan fenti. Ina na ɗaya?"

Gumi ya karyo wa Muntari. Da ƙyar ya amsa cewa na ɗaya ya ɓace shekaru da dama, zamanin da yara ke ta mutuwa, shi kuwa ya ja bakinsa don tsoron kora.

"Ka ji sakarci," in ji Arzika. "Kwaɗo nawa yake a kasuwa?"

A baranda wata mata ta tare shi, da yarinya 'yar shekara uku a bayanta. Sunanta Zaliha, daga Bagega. 'Yarta Fatiha tana kwana na bakwai cikin kwana goma sha tara na shan magani, likita kuma ya ce sabon kaya ba zai iso ba sai bayan mako uku.

"Dalma ta kashe mini Haris, ɗana na fari," in ji ta. "Ba ni ba ta wagga. Yallaɓai, shinshina wanga."

Ta miƙo masa gorar roba. Maƙwabciyarta ce ta kawo mata daga wurin Fasto Habila Rikoto, mai wa'azin warkarwa da ake ta magana a kansa, wai ta bar asibiti ta ba yarinya ruwan albarka.

Arzika ya buɗe, ya kau da kai da sauri. "Kai! Ruɓaɓɓen ƙwai!"

"Haka maganinmu yake wari in an buɗe kafso. Duk uwar da ta yi jinyar dalma, ko ido rufe ta san shi."

"Yaya anka ce a sha?"

"Sau ukku kullum har kwana biyar, sannan sau biyu har kwana goma sha huɗu."

Arzika ya leƙa katin asibitin da ke hannunta. Abin da aka rubuta ke nan, ko ɗigo bai bambanta ba.

Washegari ya ɗauki Saje Bello sai Gummi, inda faston ya fara suna. Suka sami Rabaran Ishaya, dattijon da ya yi shekara talatin yana riƙe da majami'arsa, yana gyaran benci da kansa.

"Habila? Na daɗe ina jiran wani ya tambaye ni," in ji shi. "Shekara shida da suka wuce ya zo nan da jaka ɗaya, ya ce an kira shi a mafarki. Baki gare shi, Sufeto, in ya kama wa'azi har ni sai na ji tsigar jikina ta tashi. Rabin ikilisiyata suka bi shi. Amma ranar da ya ce wa mata su zubar da katin asibiti, na hana shi mumbari. Allahn da ya ba da addu'a shi ya ba da likita."

"Yana warkarwa da gaske?"

"Abin da ke ɗaure mini kai ke nan. Makafi sun koma gida da makantarsu. Amma yaran masu haƙar zinari, wasu sun tashi, na gani da idona. Wasu kuwa ruwan ya yi musu yawa, sai amai da gudawa."

"Daga ina ya zo?"

"Cewa yake bai taɓa taka Anka ba. Gobe yana Bukkuyum, ka tambaye shi."

Ranar Laraba rana na tsaka, filin ƙwallo a Bukkuyum ya cika maƙil. Ga masu ganga, ga lasifika, ga baburan 'yan haƙar zinari, Kirista da Musulmi, don ciwon ɗa ba ya tambayar addini. Habila yana kan dandamali cikin farar kwat, gumi na zuba.

"Ku kawo su! Abin da ya gagari likita, yau zai faɗi!"

Arzika ya sa kayan gida ya tsaya cikin layi bayan Zaliha, wadda ta rufe fuska da mayafi. Ita ta nace sai ta zo.

Da layi ya kai kanta, Habila ya karɓi Fatiha. Ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya jinjina ta a hannu sau biyu, sannan ya rage murya.

"Kilo nawa take?"

"Sha ɗaya," in ji Zaliha.

Ya tsallake manyan gorori, ya ɗauko ƙarama. Arzika ya kama wuyan hannunsa.

"Fasto, yaushe albarka ta fara tafiya da kilo?"

"Wane ne kai? Kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji!"

"Sufeto Arzika, daga Anka. Ka san garin?"

"Ban taɓa zuwa ba."

Zaliha ta yaye mayafi. "Habila mai shara, ni za ka yi wa ƙarya? Ba kai ke buɗe kafso kana dama wa Haris da zuma ba? Ba kai ka ɗauko mini gawarshi a tabarma ba?"

Masu ganga suka tsaya. Lasifika a buɗe take, fili duka ya ji.

Daidai nan Saje Bello ya fito daga bayan dandamali rungume da kwalaye. Uku a rufe, na huɗu an ci rabi. Ya ɗaga wani tsohon makulli da ya samo a motar faston, da lamba ɗaya a jikinsa da jan fenti.

Habila ya zauna a bakin dandamali.

"Shekara huɗu ina share aman yara a asibitin nan," ya ce. "Da hannuna na ba ɗaruruwa magani. In sun tashi, likita ake yi wa godiya, ni a miƙo mini tsintsiya. Da na bar aiki na tafi da makullin. Da can kaɗan-kaɗan nake ɗiba, jama'a suka yi yawa, na kwashe duka. Amma ai sun warke, Sufeto!"

"Magani ya warkar da su, kai ka karɓi tafi. Waɗanda ka bari a Anka babu ko ƙwaya fa?"

Habila ya miƙa hannu, Bello ya sa masa ankwa.

Taro ya fara yamutsewa, wasu na neman duwatsu. Sai ga Rabaran Ishaya, wanda ya biyo su tun safe, ya hau dandamali ya ɗauki lasifika.

"Ku ajiye dutse, ku ɗauki 'ya'yanku! Magani ya koma Anka, kuma kyauta ne. Addu'a kuwa, kowa ya yi tasa a hanya!"

Kai, ranar an ga abin kallo. Motar 'yan sanda a gaba da kwalaye, babura sun fi arba'in a baya, kowane da uwa da goyo, suna ta oda har cikin Anka. Arzika, da ba a san shi da fara'a ba, sai ga shi yana murmushi har kunne.

Kafin la'asar an dama wa Fatiha nata da zuma. Ta yamutse fuska, ta toshe hanci, ta haɗiye. Muntari yana can yana buga sabon kwaɗo, ya ce shi fa warin nan har yau bai saba da shi ba.

Zaliha ta kai cokalin hancinta ta shaƙa, idonta cike da ƙwalla.

"Ni kam, wallahi ya fi mini turare."