Mu Biyar Ne a Aikin Safe

Naushi na biyu ne ya fasa wa Badaruddeen gira. Jini ya fantsama a gilashin da ke kare takobin tagulla.

"Ya Faruq ka bari! Don girman Allah ka bari!"

Ko kallona bai yi ba. Ɗan yayan Abbana ne, injiniyan gas, tun da na ce ba na sonsa yake bibiyata. Yau har gidan tarihin da nake wa baƙi jagora a Doha ya biyo ni.

Ɗazun nan nake tsaye gaban sojojin yumɓu ina ba da labarin Chin, masarautar da ta haɗiye maƙwabtanta shida ta kafa daular farko a ƙasar Sin. Da takobi, da doka marar tausayi: gidaje biyar-biyar ake haɗawa, ɗaya ya yi laifi, duka su sha hukunci.

Yanzu ga Badaruddeen, mai gadin zauren, sanyin idaniyata, durƙushe cikin jini.

"Rama mana, ɗan gadi! Daga ɗakin haya a unguwar Mansura za ka auri 'yar likita?"

Faruq ya ƙara masa ƙafa a haƙarƙari. Badar ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfi, amma hannayensa na harɗe a baya... Da ƙyar abokan aikin Badar suka ɓamɓare Faruq.

A asibiti Abba muka tarar a bakin aiki. Abban da ya rantse mai gadi ba zai taka masa gida ba! Ya fara ɗinke masa girar.

"Kai, me ya hana ka ramawa? Tsoro?"

"A'a Baba. Mu biyar ne a aikin safe. Kafil, ubangidanmu da ya kawo mu ƙasar nan, ya ce ranar da ɗayanmu ya taɓa baƙo, khalas, shi ke nan, dukanmu sai jirgin komawa gida. Ga matar Baballe, ɗaya daga cikinmu, ta kusa haihuwa..."

Allurar ta tsaya.

"Faruq ya san da haka?"

"Ni na gaya masa, Abba," na fashe da kuka. "Yabon haƙurin Badar nake yi, ban san..."

"Daina kuka, Ruƙayyata," Badar ya ce da kumburarren baki. "Gira ce kawai."

Abba ya daɗe yana kallonsa.

"Wa kake da shi a ƙasar nan da zai nema maka aure?"

"Su huɗun nan ne kaɗai, Baba."

Ya yanke zaren.

"To su zo gidana a Wukair ranar Juma'a. Dukansu."