Jarkar da Aka Buɗe a Sito

Ranar da Bushra ta fara ganin Saifullahi gardama suka yi, kuma a kan mai.

Ita ce autar Alhaji Bakari mai gidan bulo a unguwar Malam Inna, tun da ta gama digiri take zama a ɗan ofishin wurin. Shi kuwa bakanike ne daga unguwar Shamaki, an kira shi ya canja man haidirolik, wato man da ke ba injin bulo ƙarfin danne yashi da siminti.

Ta buɗe sito ta nuna masa jarka biyu sababbi. Nabil ne ya kawo su kyauta, ɗan aminin mahaifinta mai shagon mai a kasuwa, wanda ya daɗe yana zarya a kanta.

Saifullahi ya duba lambar jikinsu ya girgiza kai. "Ranki ya daɗe, wannan talatin da biyu ne. Sittin da takwas nake so."

"Malam, mai ai mai ne."

"Kunu ma kunu ne, amma akwai tsululu akwai mai kauri. Injin nan ya tsufa, kuma yini yake a cikin ranar Gombe. Wannan in ya ji zafi tsinkewa yake kamar ruwa, inji ya rasa ƙarfi, famfon da ke tura man ya ci kansa."

Ta harare shi, irin hararar nan da ba ta kai zuci ba, sannan ta sa aka sayo wanda ya ce. Kafin ya tafi ta karɓi lambarsa, wai saboda inji. Ta ajiye ta da sunan "Malam 68".

Ban taɓa jin injin da ake tambayar lafiyarsa sau biyar a yini ba sai wannan.

"Malam 68, inji yana gaishe ka."

"Ina amsawa. Mai injin fa, ta karya? Ki kula mini da kanki, hasken idona."

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Bakari, sai ya haɗe rai.

"Auta, ba zan yi miki dole ba. Amma ga ɗan aminina, ki tsallake shi ki kawo mini mai baƙin farce? Da sake."

"Baffa, ka dai bincika halinsa."

"Na ji," ya ce, ya ɗauki rediyonsa.

Cikin watan Afrilu, ranar wata Litinin da zafi ya kai zafi, injin ya fara wani irin kuka. Bulo ya riƙa fitowa sakwa-sakwa, da an ɗaga sai ya marmashe. Kafin azahar famfo ya tsaya cak.

Aka kira Saifullahi. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, ga Nabil ya zo jaje yana kaɗa makullin mota.

"Ni dai na kawo mai na kirki aka ƙi," in ji Nabil. "Wa ya san abin da aka zuba?"

Saifullahi ya buɗe tanki, ya lakato man ya murza a yatsunsa. Ya ɗago ya dubi Alhaji Bakari, sai kuma ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, a yi haƙuri. Zan gyara."

"Ka gyara me? Kada ka ƙara taɓa mini inji, kada ka ƙara tako ƙofar gidana!"

Bushra tana bakin ofis, jira take Saifullahi ya kare kansa ko da kalma ɗaya. Ya tattara sifanoninsa ya fita. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don a ganinta shirun nan amsa laifi ne. Ta ɗauki waya ta tura masa saƙo.

"Ka sa na ƙi mai mai kyau, ka zuba mana gurɓatacce? Na yarda da kai fa."

Saƙon ya shiga, amsa ba ta zo ba. Washegari Baffa ya sanar da ita cewa magabatan Nabil za su zo bayan sallar Juma'a. Ya tambaye ta ko tana da ja, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki.

Ranar Laraba ta shiga sito neman tsintsiya, ta ture ɗaya daga jarkokin Nabil da ƙafa. Jarkar ta faɗi fayau, ba komai a ciki. Makullin siton kuwa biyu ne kacal, nata da na Baffa.

Ta ɗauki hoton jarkar ta tura wa Saifullahi, ta ce ba ita ta buɗe ba. Wannan karon amsa ta zo nan take.

"Na sani tun ranar, Bushrata, yatsuna sun gaya mini. Amma ta yaya zan dubi dattijo a gaban ma'aikatansa da baƙonsa in ce shi ya kashe injinsa? Gara in rasa aikin."

"Har da ni za ka rasa? Jibi fa za su zo."

"Ko abinci na kasa ci. Amma ba zan same ki ta hanyar kunyata mahaifinki ba. Don Allah kada ki nuna wa kowa."

Ta zauna a kan buhun siminti ta yi kuka mai isarta, rabi na nadama rabi na so. Sai dai auta ba a san ta da jin magana ba.

Ranar Alhamis da rana ta shanya faranti a rana har ya yi zafi. Ta jira Baffa ya zauna shi kaɗai a falo, ta durƙusa a gabansa. Ta ɗiga man da ta ɗebo daga tanki a gefe guda, ragowar sittin da takwas a ɗaya gefen, ta karkata farantin. Na tanki ya zura da gudu, ɗayan yana biye a hankali. Sannan ta ajiye jarkar a gefensa.

Alhaji Bakari ya daɗe yana kallon jarkar.

"Ƙari kawai na yi," ya ce a hankali. "Na ga man ya yi ƙasa, ga kyautar yaro tana zaune a banza. Shi bakaniken ya sani?"

Ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Bafulatani ne da ke tinƙaho da kunya da kawaici, yau ga su ya gani a inda ya raina. Ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya ce zai je gidan amininsa ya ba shi haƙuri a fasa zuwan gobe.

Da safiyar Juma'a ya aika aka kira Saifullahi, ya tara ma'aikatan nan kaf a gaban inji.

"A nan na ci mutuncin yaron nan, a nan zan wanke shi. Ni na zuba man da hannuna. Ya sani, ya rufa mini asiri." Ya juya ya dube shi. "Saifullahi, ka yafe mini. Ka gyara injin, sannan ka turo magabatanka."

Saifullahi ya durƙusa a gabansa. Bushra kuwa ta ruga ofis ta rufe ƙofa, kunya da murna sun haɗe mata.

Bayan wata uku aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Da ango ya zo gaisuwa, Alhaji Bakari ya kama hannun nan mai baƙin farce ya danƙa masa makullin sito.

"Riƙe, ɗana. Ni da zuba mai har abada. Ga Auta nan amana, ka rufa mata asiri yadda ka rufa mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Falon ya ɗauka da amin, ta amarya ce kawai ba a ji ba, tana cikin mayafi tana share hawaye.