Sammacin da Ya Zo da Sunan Mama

Ranar haɗa kimchi ce, wato kabeji mai yaji da ake tanada don hunturu, a gidan Madam Yeom da ke Gunsan a ƙasar Koriya. Kabeji jibge a manyan robobi, falon kaf sai warin tafarnuwa da barkono. Da-som na durƙushe kusa da uwar saurayinta tana cusa jan yaji tsakanin ganye, bayanta kamar zai ɓalle, amma ta ci gaba da aikinta. Saura wata huɗu bikinta da Tae-gyu, autan gidan, kuma kowa ya san a irin wannan rana ake auna amarya.

"Ke 'yar nan, cusawa kike ko lallashi? Danna da kyau, kabeji ba ya cizo!" in ji Madam Yeom.

"To, Mama."

Tae-gyu na ɗauraye robobi yana kanne mata ido. Yayansa Tae-seok kuwa yana miƙe kan doguwar kujera da waya a hannu, wai ƙugunsa ke ciwo. Ƙugun nan dai duk shekara ranar kimchi yake tashi.

Ana haka aka kawo wasiƙa, irin wadda sai an sa hannu. Hannun Madam Yeom ya yi dumu-dumu da yaji har gwiwa, don haka ta ce da Da-som, "Cire safarki ki karanta min, idonki ya fi nawa."

Da-som ta buɗe ta fara: "Ana neman Yeom Mal-sun a ofishin 'yan sanda, bisa zargin cin mutunci da barazana a wasan kwamfuta, ta akawun mai suna Baƙin Damisa..."

Madam Yeom ta tuntsire da dariya. "Ni? Wasan kwamfuta? Ni da rimot ɗin talabijin ma yake raina ni!"

Ita kaɗai ta yi dariyar. Da-som ta ƙura wa takardar ido, domin ita ce ta kai wannan ƙarar.

Da-som gwana ce a wani wasan harbi da ake yi biyar-biyar. Shekara uku ta yi tana bugawa kamar bebiya, don da maza sun ji muryar mace sai su fara: je ki dafa mana abinci, turo hotonki, nawa ne kuɗinki. Ranar da ta gaji ta buɗe baki, mutum ɗaya ne bai canza murya ba, cewa kawai ya yi, "Bi ta hagu, ina bayanki." Tae-gyu ke nan, daga nan soyayya ta ƙullu. Shi kuwa Baƙin Damisa sau ɗaya ta kayar da shi gaban abokansa, ya ɗaura mata ɗamarar gaba. Wata takwas yana bin ta. Ta yi bulokin ɗinsa, ya koma dandalin 'yan wasa. Ya liƙa fuskarta a jikin wata tsirara ya watsa. Ya wallafa adireshin shagon tabarau da take aiki, har wasu ƙatti suka riƙa zuwa suna ɗaukar ta hoto ta taga.

Wayar Tae-seok ta suɓuce ta faɗi ƙasa, tas!

Ashe tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya saci katin shaidar mamarsa ya buɗe akawun, don ba a yarda yara su yi wasan ba. Yau shekararsa talatin da uku, bai taɓa canza sunan ba.

Tae-gyu ya miƙe, ruwa na ɗiga daga hannunsa. "Yaya... kai ne?"

"Haba, gem ne fa! Kowa na zagin kowa onlayin!"

"Ka san ita ce?"

Tae-seok ya sunkuyar da kai. "Tun Yuni. Ranar da ka kawo ta gida na gane muryar."

"Kuma ka ci gaba?"

Madam Yeom ta cire safar roba ta maka masa a fuska, jan yaji ya fallatsa har bango. Da-som ta ɗauka gaskiya ta yi halinta. Sai tsohuwar ta juyo gare ta.

"Gobe da safe ki je ki janye."

"Mama..."

"Shekara shida yana jarrabawa kafin ya samu aikin koyarwar nan! Watan Maris zai fara. In kotu ta kama shi, wace makaranta ce za ta ɗauke shi? Ke ma da laifinki, me ya kai mace mai kamun kai cikin maza tana harbe-harbe? Ko ki janye, ko babu biki. Na gama magana!"

Da-som ta ninke takardar ta ajiye kan tebur, ta russuna ta yi sallama, ta fita. Sai a tashar bas kukan ya ƙwace mata. Tae-gyu ya biyo ta da silifas.

"Da-som, don Allah ki duba... yayana ne. Zan sa ya ba ki haƙuri, zai goge komai."

"Ya goge daga ina? Daga wayoyin mutum dubu?" Ta share hawaye da bayan hannu, yaji ya shiga idon, kukan ya ƙaru. "Kai ka raka ni ofishin 'yan sandan nan. Kai ka riƙe min jaka ina amai ranar da na ga hoton. Cewa ka yi ko wane ne sai ya gane kurensa."

"Ai ban san..."

"Ni ma ban sani ba. Ba zan zagi mamarka ba, ba kuma zan ce ka zaɓa ba. Amma ba zan janye ba."

Bas ta zo, ta shiga ita kaɗai.

Mako biyu Da-som ba ta cin abinci sai an matsa mata. Ta zare wayar kwamfutarta ta lulluɓe ta da zane. Gwaggonnin Tae-gyu suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya, wannan ta lallasa, waccan ta zaga, kowacce kuwa da ladabi take amsa mata. Mahaifinta, Malam Pyo, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, shi ya raine ta tun rasuwar mamarta. Ya dube ta ta rame, ya ce, "'Yata, in auren nan sai kin haɗiye wannan ƙazanta, zauna nan ki ci kifina har ki yi furfura."

A rana ta huɗu Tae-gyu ya bayyana a shagon kifin. "Baba, na yi kuskure," ya ce. Malam Pyo bai ko kalle shi ba, kwalayen kifi kawai ya nuna masa. Kullum in ya tashi aiki sai ya zo ya yi dako, ba wanda ya ba shi ko ruwa.

Madam Yeom kuwa dabara ta ƙulla. Tunda sunanta ne a takarda, za ta ce ita ta rubuta, ai tsohuwa ba ta da aikin da za a kore ta. Kwana uku tana haddace sunayen bindigogi kamar mai shirin jarrabawa. Ranar sammaci ta sa kwat ɗinta na zuwa biki, ta zauna gaban wata 'yar sanda, Sajan Ok.

"Ke kika rubuta waɗannan saƙonnin, Mama?"

"Ni ce, da hannuna! Ina son gem sosai."

Sajan ta kalle ta na ɗan lokaci, ta turo mata tarin takardu. "Madalla. Shafi arba'in ne. Karanta min da bakinki."

Na farko bai ba ta wuya ba: "Koma kicin, shashasha." Na biyu ta karanta ƙasa-ƙasa, kunnuwanta sun yi ja. Ta kai na uku: "Uwarki ta huta da ta mutu ba ta ga karuwar da ta..."

Ta tsaya. Idonta ya sauka kan kwanan watan da ke gefe. Sha biyu ga Agusta, ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Ranar haihuwar Madam Yeom ɗin ce. Ranar Da-som ta zo tun safe ta dafa mata miyar ganyen teku, ta zuba wa kowa, har Tae-seok ya nemi ƙari. Suna tebur ɗaya ya rubuta.

"Ci gaba, Mama," in ji sajan.

"Ba zan iya ba." Ta kifa kai kan takardun ta fashe da kuka. "Ba ni ba ce. Ɗana ne, Tae-seok. Ni na haife shi... wayyo, ni na haife shi!"

Daga nan ba ta koma gida ba, kasuwa ta nufa. Da-som na ɗaure kifi a shagon mahaifinta, sai ganin tsohuwa ta yi ta zube kan jiƙaƙƙen siminti da kwat ɗinta mai tsada, gaban 'yan kasuwa.

"Mama! Don Allah ki tashi, mutane na kallo!"

"Su kalla. Wata takwas kina ɗauke da wannan, kika zo kika dafa min miya, ni kuma na ce laifinki ne. Layi uku kawai na karanta, 'yata, na kasa." Ta kama hannunta. "Kada ki janye. Ko na dawo gobe ina roƙonki, don uwa ce ni, kada ki saurare ni."

Da-som ta durƙusa ta rungume ta, suka yi ta kuka. Malam Pyo ya juya baya yana fyace hanci, wai ƙaiƙayin gishiri ne. Tae-gyu na tsaye da kwali a kafaɗa, hawaye har haɓa.

Kotu ta ci Tae-seok tara, makarantar kuma ta fasa ɗaukarsa. Madam Yeom ta kwanta ciwo mako guda, Da-som ce ta yi jinyarta. An ɗaura aure a watan Afrilu. Tae-seok bai zo ba, kujerarsa ta wuni babu kowa, mamarsa na waiwayen ƙofa har aka tashi.

Ku samari masu zagin mata a bayan allo kuna cewa wasa ne, ku sani duk wadda kuka zaga 'yar wani ce, kuma tana da zuciya irin taku. Ku iyaye kuma, rufa wa ɗa asiri a kan zalunci ba so ba ne. Da-som ba ta rama zagi ba, ba ta kuma sayar da mutuncinta don aure ba. Ta yi haƙuri a kan gaskiyarta, ta samu miji, ta samu uwa.