Tanti Mai Launin Ƙasa

Ranar kasuwar Filinge ce, hantsi ya ɗaga, Haske tana zaune a rumfar mahaifinta tana kakkaɓe kaya, sai wani dogon saurayi ya tsaya ya yi sallama. Takalmansa sun ci hanya, a kafaɗarsa kuma yana rataye da ƙaramin akwatin sanyi irin na masu allura. Bai kalli tukwane ko fitilu ba. Kai tsaye ya tambaya ko gaskiya ne Malam Manzo yana sayar da tanti.

Gaskiya ne. Tun da sojoji suka karɓi mulki, baƙi da yawa masu ayyukan agaji suka tattara suka bar ƙasar, kayansu suka watsu a kasuwannin Yamai. Daga can ne Ibrah, ɗan aminin Malam Manzo, yake saro masa su. A ranar mahaifin nata, Malam Manzo, ya tafi gaisuwar mutuwa, shi ya sa Haske ke tsaron rumfar.

Saurayin ya ce sunansa Kailu, aikinsa yi wa dabbobi allurar rigakafi. Da can mota ke kai su ruga-ruga. Motar ta tafi da masu ita, an kuma hana hawan moto, wato babur, a daji saboda 'yan bindiga, sai ya koma tafiya a ƙasa. Mutanen ƙauye yanzu tsoron saukar baƙo suke yi, shi ma ba ya son jawo wa kowa fitina. Yana neman inda zai kwana shi kaɗai, wanda sauro da kunama ba za su shiga ba, wanda kuma ba zai karya masa baya ba.

Haske ta jawo guda uku ta shimfiɗa. Na farko babba ne mai ƙarafa, ya ɗaga shi ya ajiye nan take. Na biyu ja ne jawur, yana da sanduna masu naɗewa. Na ukun ɗan ƙunshi ne mai launin ƙasa, wanda za a iya riƙewa a tafin hannu. Ta ari sikelin mai sayar da gero a gefe, suka ɗora shi, bai kai kilo ɗaya ba.

Suka kwance shi a bayan rumfa. Ba shi da sanduna. Sandar tafiya guda ce ke ɗaga shi, sai turaku da igiyoyi. Haske ta ja zif ɗin ta ga yana tafiya, ta bi ɗinkin da yatsa, sannan ta ɗebo ruwa a buta ta zuba a kansa. Ruwan ya gangare bai shiga ba. Kailu ya shige ya kwanta, ƙafafunsa suna taɓa ƙarshe, yara suka taru suna dariya.

Hankalinsa ya fi kwantawa da jan, domin ya fi faɗi. Ita ce ta hana shi.

"Wannan ai daga nesa za a hango ka," in ji ta. "Ɗauki mai launin ƙasa. Ba wanda zai san kana wurin."

Ya dube ta, a karo na farko ya yi murmushi. "Kin damu da a hango ni?"

Ta sunkuyar da kai tana naɗe igiya. Kafin ya tafi, ya roƙi lambarta, wai ko tantin ya yage ya san wa zai kai wa ƙara.

Bai yage ba, amma saƙo ya zo. Duk inda Kailu ya sami tudu mai rezo, inda waya ke kamawa, sai ya hau ya rubuto.

"Haskena, jiya an yi ruwa da iska a gabas da Damana. Tantinki ya tsaya. Na kwanta ina jin ruwa a sama, ina tuna yadda kika zuba mai buta."

Ta amsa masa: "Matafiyina, tantin naka ne tun da ka biya. Ka ci abinci? Kada ka kwana kusa da hanya."

Haka damina ta wuce. In ya dawo gari sai ya biyo ta rumfa da nono ko man shanu da makiyaya suka ba shi, ya zauna a bakin benci yana ba ta labarin shanun da suka tashi bayan an fid da rai. Da kaka ta yi, ya turo kawunsa wurin Malam Manzo.

Malam Manzo ya karɓi baƙon da mutunci, ya ba shi ruwa da goro, amma bai ba shi amsa ba. Da yamma ya kira Haske gaban mahaifiyarta Dijatu. Ya ce bai ga aibin yaron ba, sai dai aikinsa. Babban ɗansa direba ne, a hanya aka tare motarsa bara waccan, gawarsa kawai aka kawo. Tun daga ranar Malam Manzo ba ya iya jin wayarsa ta yi ƙara gabansa bai faɗi ba.

"Na binne ɗa guda saboda hanya," ya ce. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda kullum sai an jira labarinsa. Ga Ibrah nan, shina da shago, shina kwana a gida."

Bai tilasta mata ba. Ya ce dai ta yi tunani. Haske ta shiga ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, domin ta san ba ƙiyayya ce ta sa mahaifinta magana ba.

Ta gaya wa Kailu. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, ba zai iya barin aikin yanzu ba. Ciwon huhu ya shiga garken wasu ƙauyuka, idan shanun suka mutu, mutanen ba su da wani abu. Ya yi alkawarin in ya dawo daga wannan zagaye zai je ya durƙusa gaban Malam Manzo da kansa. Ya goya jakarsa ya tafi.

Saƙo biyu suka zo, daga nan shiru.

Haske ta kira, wayar a kashe. Ta sake kira da safe, ta kira da rana. Kasuwa ta ci, ta sake ci, babu Kailu. Ibrah kuwa kullum yana rumfa, yana taya ta jera kaya. Wata rana ya ce mata, cikin muryar mai tausayi, ya ji direbobi suna cewa Kailu yana da wata a ƙauye, ɗiyar wani mai shanu, can yake sauka. Ya ce ta yi tunani mana, wane namiji ne zai yi ta kwana a daji shi kaɗai don allurar shanu kawai?

Ba ta yarda ba a ranar. Amma shirun ya yi tsawo, maganar ta yi ta cin ta. Ranar da ta gaji, ta ɗauki waya ta rubuta:

"Kailu, in aure ka yi, da ka gaya mani da bakinka. Na saɓa wa babana saboda kai. Kada ka sake kirana Haskenka. Allah shi isar mani."

Saƙon ya tafi, amsa ba ta zo ba.

Ranar kasuwar da ta biyo, wani dattijo mai rawani ya zo yana tambayar rumfar mai tanti. Ya ce sunansa Dodo, daga wani ƙauye a ƙasar Tondikandiya, kuma Kailu ne ya ceci shanunsa. Ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ba da labari. Samarin da ke gadin wani ƙauye ne suka ci karo da tanti mai launin ƙasa a cikin kwari, a ɓoye tsakanin sabara. Suka ɗauka ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Suka yi masa duka, suka miƙa shi ga jami'an tsaro. An ga takardar aikinsa, an kuma ji shaidar makiyaya, amma magana ta tsaya a kan tantin: ina ya samo kaya irin wannan? Ya ce a kasuwar Filinge ya saya. Ana neman wanda ya sayar masa ya zo ya faɗa da bakinsa.

Haske ta tuna ranar da ya sayi tantin. Ita ce ta hana shi jan. Ita ce ta ce ba wanda zai san yana wurin.

Malam Manzo ya aika aka kira Ibrah, ya ce ya zo su tafi tare, tun da shi ya kawo kayan daga Yamai. Ibrah ya ja da baya. Ya ce a wannan zamani wanda ya shiga irin wannan wuri da ƙafarsa bai san ranar fita ba, shi kam bai taɓa ganin tantin ba, kuma yana ba Malam shawara shi ma ya ce haka. Malam Manzo ya dube shi, ya juya ya nufi gida.

A gida Haske ta ɗaura mayafi ta ce ita za ta tafi, domin da hannunta ta miƙa kayan. Dijatu ba ta hana ta ba. Ta juya wurin mijinta ta ce, lokacin da aka tare ɗansu a hanya, da a ce wani ya tsaya masa, ai da sun gode masa har abada. Yaron nan ma yana da uwa.

Malam Manzo ya tashi ya ɗauki hularsa. "Mu tahi," ya ce.

Motar haya ta kai su inda ake tsare da Kailu, ana tsayar da su a kowane shinge. Sun yi zaman jira mai tsawo a gindin wata bishiya kafin wani jami'i ya kira su. Malam Manzo ya faɗi sunansa da rumfarsa, ya ce daga wurinsa tantin ya fito. Haske ta bayyana tantin tun daga zif har turaku, ta ce ita ta zaɓa masa launin, saboda tsoron kada miyagu su gan shi. Jami'in ya yi ta tambaya yana maimaitawa. Da la'asar aka fito da Kailu. An riƙe tantin, aka miƙa masa jakarsa da wayarsa.

Ya rame, gefen idonsa a kumbure, yana ɗingishi. Da ya ga Malam Manzo sai ya durƙusa a ƙasa. Dattijon ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

A tasha wani mai shayi ya sa masa wayar a caji. Haske tana kallo wayar ta kunnu, ta tuna abin da ke ciki. Ta roƙe shi ya goge saƙon kada ya karanta, amma ya riga ya buɗe. Ya karanta a hankali, ya kife wayar a cinyarsa.

"Duk dukan da aka yi mani bai kai wannan ba," ya ce.

Hawaye suka zubo mata. Ta gaya masa abin da Ibrah ya faɗa, da yadda shirun ya ishe ta, ta ce ba ta da hujja, ya yafe mata kawai. Ta ce kuma ita ta jefa shi cikin wannan da shawararta.

"Shawarar mai sona ce," in ji shi. "Da ja na ɗauka, wa ya san waɗanda za su hango ni? Bar kukan nan, Haskena."

Malam Manzo yana can gefe da kofin shayi, kamar ba ya ji. A cikin mota ne, bayan sun wuce shingen ƙarshe, ya yi magana ba tare da ya juyo ba. Ya ce tsoronsa bai tafi ba, kuma ba ya jin zai tafi. Amma ya ga wanda mutanen ƙauye suka yi tattaki dominsa, ya kuma ga wanda ya ja da baya. Sharuɗɗansa biyu: Kailu ba zai sake fita shi kaɗai ba, kuma duk ƙauyen da zai shiga, sai ya fara sauka a ƙofar mai gari. Kailu ya ce ya ɗauka. Malam ya ce to kawun Kailu ya dawo.

An ɗaura aure bayan an gama sussukar gero. Ba a yi kiɗa har dare ba saboda dokar hana yawon dare, amma gidan ya cika tun safe. Dodo ya zo da ɗan maraƙi yana ja, mata suka yi ta guɗa. Da yamma, kafin a kai amarya, Malam Manzo ya kira su biyun ɗakinsa. Ya sa hannun Haske a na Kailu. Dijatu ce ta yi addu'a, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kawo wa ƙasarsu ta Kurfai sauƙi, ya sa duk wanda ya fita da safe ya dawo wa iyalinsa.

Malam Manzo ya share idonsa da bakin riga. "Amin," ya ce. "Ku tashi, Allah shi yi maku albarka. Mutane na jiran ku a waje."